Kumfar da Ta Zama Bakin Baba

Shekarar da mahaifina ya faɗi, ina aikin sakatariya a wata makarantar kuɗi a Bukan Sidi, nan cikin Lafia. A kasuwa abin ya same shi, a rumfarsa ta riɗi, ana cikin awo. Da aka kai shi asibiti likita ya ce jininsa ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye gaba ɗaya, baki ya karkace, magana ta ɗauke, wuya ma ba ya iya riƙe kai sai an tokare shi da matashi. Abin da ya rage masa idanu ne, sai kuma yatsun hannun hagu da kan ɗan motsa in an zuba musu ido sosai.

Da aka sallame mu, gidana na wuce da shi. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara a ciki ba. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ƙanena yana can Legas yana fama da nasa, Baba kuwa ɗaki ɗaya yake haya a bayan kasuwa, banɗakin ma na tarayya ne. Maigidana da kansa ya kwashe kujerun ƙaramin falonmu ya sa gado a wurin. Shi ke ɗaga Baba, shi ke yi masa wanka, shi ke sauya masa zane in ya ɓaci, kafin ya tafi wurin aiki da bayan ya dawo. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Allah ya saka masa da alheri.

Ba a yi mako ba sai ga Baffa, ƙanen Baba, a kan babur, ya ɗauro doya a baya. Manomi ne, yana zaune a ƙauyenmu na asali can gaba da Adogi, inda Baba ya baro tun yana saurayi. Mutum ne gajere mai kaurin murya, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” ne a wurinsa. Ya shiga ya duba ɗan'uwansa, ya daɗe a tsugune, sannan ya fito ya same ni a tsakar gida ina wankin zannuwa.

Ya ce, “Kai yarinya, mutum ba ya jinya a gidan suruki. Wurin mu babu wannan. Ka ba ni ɗan'uwana in kai shi gida.”

Na ce, “Baffa, wane gida? Nan ma ai gida ne.”

“Gidan mijinka ne. Tun da aka kawo ka nan, ya taɓa kwana? Ya taɓa cin abinci gaban mijinka?”

Bai taɓa ba, wannan gaskiya ne. In Baba ya zo duba ni, a bakin ƙofa yake tsayawa, ko ruwa sai na yi da gaske yake karɓa. Amma ni a lokacin na ɗauki wannan maganar lokacin lafiya ce, ciwo kuwa ya wuce nan. Na shiga jera wa Baffa dalilai, kuma ba a hankali na jera su ba, domin Allah bai yi ni da sanyin baki ba. Na ce a ƙauye babu wuta, babu asibiti kusa, matar da ke zuwa tana miƙar masa da gaɓoɓi ba za ta bi shi can ba, babu mai auna masa jini. Na ce in abin ya sake bugo shi da damina, kafin a fito da shi ta wannan hanya mai taɓo ai sai dai a wuce da shi makwanci. Na ce kashe shi za su yi da rubutu da saiwoyi. Wannan ta ƙarshen ba ta kamata ba, amma na faɗa.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ɗan'uwan nasa so yake ya tafi. Na ce wa ya gaya masa? Ya ce ya riƙe hannunsa ya tambaye shi, ya ji ya matse. Na shiga ɗaki a fusace na riƙe hannun Baba na ce, “Baba, nan kake so ka zauna, ko?” Wallahi ni ma na ji ya matse.

Haka muka yi ta yi. Duk ranar Juma'a Baffa zai zo da doya ko garin rogo, ya riƙe hannu ya ji abin da yake so ya ji, ni ma in riƙe in ji nawa. Masu zuwa dubiya kuwa su cika ɗakin, su yi ta magana a kan Baba kamar ba ya wurin, wannan ya ce a kai shi gida, wancan ya ce a bar shi kusa da likita, shi kuma yana kwance yana kallon silin. Har akwai wata da ta ce a gabansa, “Ai wannan ba ya ma sanin inda yake.” Na raka ta har bakin ƙofa, kuma ba rakiyar girmamawa ba ce. Amma da na dawo na dubi Baba, sai tsoro ya kama ni, don ni kaina ban tabbata ƙarya ta yi ba.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta ta cinya, 'yar gwanjo, wadda nake kawo aikin makaranta gida da ita. Lokacin jarrabawa ya matso, malamai sun tara mini tambayoyi da rubutunsu mai kama da tafiyar kaza, don haka nakan zauna kusa da gadon Baba da la'asar ina bugawa. Wata rana na bar ta a buɗe a kan tebur na tafi dama masa kunu. Da na dawo sai na ga idanun Baba ba sa kan silin. Suna tafiya a hankali daga gefe zuwa gefe, su sauka, su hau.

Na bi inda yake kallo. Kumfa ce ta cika fuskar kwamfutar, ƙwaya-ƙwaya, irin wadda yara ke hurawa da ruwan sabulu, masu launin ja da kore da shuɗi, suna yawo a kan takardar jarrabawar da nake bugawa, suna karo da juna suna rabuwa. Abin nan ne da ake ce wa sikirin-seba, wanda ke fitowa da kansa in an bar na'ura ba a taɓa ta ba. Da shi na sayi kwamfutar, ban taɓa kula shi ba, in ya fito sai in ture mawus, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ya ɓace in ci gaba da aikina. Ranar ma haka na yi ba tare da tunani ba. Na ajiye kofin kunu, na ture mawus, kumfa ta ɓace.

Sai Baba ya yi wani sauti daga maƙogwaro. Ba magana ba ce, ba kuma nishin ciwo ba ne, na san nishinsa. Irin gunaguninsa ne na da, in an taɓa masa rediyo yana jin labarai. Na tsaya cak. Tun da ya faɗi ban ji ya nuna yana son wani abu ko ba ya so ba sai ranar.

Na zauna na shiga neman inda ake saita abin. Na danna gefen dama na mawus a filin fuskar kwamfutar, na bi jerin da ya fito har na kai wurin. Ashe iri-iri ne, akwai mai zare-zare, akwai mai hotuna, akwai wanda baƙi ne kawai. Na gwada masa su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin gwaji ina kallon fuskarsa. Mai zaren ya yi masa sauri, ya kau da ido. Da na dawo kan kumfa sai ya natsu. A ƙasa akwai ɗan akwati da ake rubuta tsawon lokacin da na'ura za ta jira kafin ta saki kumfar. Na tarar da shi a kan minti goma. Na yi ta rage shi har ya kai ɗaya, na so in mayar da shi babu, ya ƙi. Minti ɗaya shi ne iyaka. Akwai kuma wata 'yar alama da ke sa na'urar ta nemi lambar sirri duk lokacin da aka kore kumfar, na cire ta.

Ban gama da ita a ranar ba. Washegari aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba, sai na ga fuskar kwamfutar ta mutu gaba ɗaya bayan ɗan lokaci, kumfar da komai. Ashe akwai wani saitin dabam da ke sa ta barci in tana kan batir don ta yi tattalin caji. Na nemo shi na hana ta barcin, na kuma shiga ɗaukar ta zuwa makaranta da safe in cika ta da janareton ofis. Sannan na lura Baba yana wahala wajen rarrabe kumfar daga rubutun da ke bayanta, domin shara-shara take, ana hango abin da ke ƙasa, ga shi dama idonsa ɗaya yana da yana. Na share duk abin da ke fuskar na'urar na mayar da bayan baƙi ƙirin.

Girman ƙwayoyin ne ya ba ni wuya, don babu wurin sauya shi a fili. Malamin kwamfuta na makarantarmu ne ya nuna mini wani lungu can cikin na'urar, inda ake rubuta wasu dogayen lambobi, ya kuma gargaɗe ni cewa in na taɓa abin da ba shi ba, to kada in neme shi. Lambar farko da na sa, ƙwaya ɗaya ce ta fito ta cika fuskar kamar faifai, ko motsi ba ta iya yi. Ta biyu kuma suka zama kamar tsabar gero. Na yi ta ƙarawa ina ragewa har suka dawo kamar lemon zaƙi, 'yan kaɗan, suna tafiya a natse. A wannan lungun na samu inda ake cike su da launi su daina zama shara-shara. Ni da ko wayata ban iya saitawa ba sai an taya ni, ga ni ina tonon cikin kwamfuta.

Da farko abin kallo kawai na ɗauke shi, wani abu da zai ɗebe wa Baba kewar silin. Matar da ke miƙar masa da gaɓoɓi ma ta ce yana da kyau ido ya riƙa bin abu mai motsi. Sai dai duk wanda ya shigo dubiya ya jingina da teburin, ko ya ajiye ledar lemo a kai, mawus zai girgiza, kumfa ta ɓace, Baba ya yi gunaguni, a jira minti guda. Wata rana ina cikin faɗa da wata maƙwabciya a kan haka, ina ce mata abin nan ko numfashi aka yi masa da ƙarfi ji yake, sai na yi shiru a tsakiyar magana. Na dubi yatsun Baba na hagu.

Da ta fita na jawo 'yar kujerar katako, na ɗora ta kusa da gado, na sa mawus a kai, na ɗauki hannun Baba na kwantar a bisansa. Muka jira kumfa ta fito. Ta fito, ta yi ta yawo, hannun na kwance bai kore ta ba. Wato ba rawa yake yi da kansa ba.

Na ce, “Baba, zan tambaye ka. In e ne, ka motsa wannan abin, za su ɓace. In a'a ne, ka bar su.” Sannan na ce, “Baba, ka gane ni? Ni ce 'yarka?”

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na ga jijiyar bayan hannunsa ta tashi, na ga ɗan yatsan tsakiya ya lanƙwashe. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Amma ni mai gardama ce ko da kaina, don haka da kumfar ta dawo na share hawaye na ce, “Baba, yau Juma'a ce?” Talata ce. Kumfa ta ci gaba da yawonta, Baba yana kallona da ido ɗaya kamar yana cewa wannan wace irin tambayar banza ce. Na ce, “Talata ce?” Ta ɓace. Mutumin da ake cewa bai san inda yake ba, ashe har kwanaki yake bi.

Daga ranar zamanmu ya sauya. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, sannan a yi shiru minti guda ba mai taɓa komai har kumfa ta dawo. Wanda bai zauna ya jira minti ɗaya ba, bai san tsawonsa ba, balle ni da magana ke fita bakina kafin in auna ta. A cikin wannan jiran na koyi shirya tambaya ta yadda e ko a'a za ta ishe ta. A haka na gano fanka tana damunsa in ta dubi fuskarsa kai tsaye, duk da zafin Lafia. Na gano yana so a riƙa yi masa taimama a juya shi gabas in an kira salla, abin da muka yi sakaci da shi muna zaton hankalinsa ba ya kai. Na gano kunun gyaɗar da nake ta fama da damawa ba ya so, na tsamiya yake so. Ranar da na tambaye shi ko a ƙara masa gishiri a miya, ban rufe baki ba ya kashe kumfar. Na ce, “Wannan kam Baba ko ka fasa na'urar ba za ka samu ba, likita ya hana.” Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, ita ce ta zama ko tafiya. Ba tsoro ne ya hana ni ba, ban da shakka ko kaɗan a kan amsar. Ajiye ta na yi don Baffa. Na san in na tambaya ni kaɗai zai ce ni na shirya abina, don haka na so a yi ta a gabansa, da shaida, a kashe maganar gaba ɗaya in huta da doyarsa ta Juma'a. Na aika masa, na kuma roƙi wani Alhaji mai sayar da goro, maƙwabcin Baba a kasuwa, dattijo ɗan asalin Kano da kowa ke jin maganarsa, ya zo ya zauna. Na tabbatar batir ya cika.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo. Muka zauna mu huɗu a ɗakin, ni da maigidana da Baffa da Alhaji. Na yi musu bayani. Baffa ya dubi kwamfutar ya dube ni.

Ya ce, “Yanzu wannan talabijin ne zai gaya mini maganar ɗan'uwana?”

Na ce, “Ba ita za ta gaya maka ba, shi zai gaya maka. Tambaye shi abin da ni ban sani ba.”

Ya matso ya tsuguna, ya juya harshe zuwa yarenmu, wanda ni tsinta-tsinta kawai nake ji don a gari na tashi. Ya yi tambaya, kumfa ba ta ɓace ba. Ya sake wata, ta ɓace. Ya buɗe baki zai ci gaba, na ɗaga masa hannu na ce sai ta dawo. Ya jira, yana huci. Daga baya ya gaya mana abin da ya tambaya: wane ne cikinsu ya faɗo daga itacen ɗorawa suna yara ya karye, ya fara da cewa Baba ne, alhali shi ne. Ya tambayi gefen da kabarin mahaifiyarsu yake, ya faɗi na ƙarya kafin na gaskiya. Babu wadda Baba ya kuskure. Baffa ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya daɗe bai mayar ba. Ya kira sunan da suke kiran Baba da shi a gida, ya ce, “Ashe kana nan.”

Na ji tausayinsa, amma na kuma ji daɗi, don na ga nasara ta matso. Na ce kafin a yi tambayar sai na yi wa Baba bayani, kada a ce an rufe shi. Na durƙusa daidai fuskarsa na faɗa masa komai dalla-dalla. Na ce a can babu likita, babu mai miƙar da gaɓoɓi, babu wutar da za a kunna wannan na'urar ma, wato bakin da ya samu zai sake rufewa. Na gaya masa abin da likita ya ce, cewa in abin ya sake dawowa ba a kai shi asibiti da wuri ba, sai dai haƙuri. Na ce, “Ka ji duk abin da na faɗa, Baba? Ka fahimta?” Ya kashe kumfar.

Muka jira. Alhaji yana jan carbi. Da ta dawo na ce wa Baffa bismilla.

Baffa ya yi tambayar da Hausa don kowa ya ji. “Yaya, in kai ka gida?”

Ko daƙiƙa ba a yi ba fuskar ta yi baƙi.

Na ce hannunsa ne ya zame. Na ce an dame shi da tambayoyi ya gaji. Na ce Baffa ya matsa kusa da kujerar da yawa, wataƙila rigarsa ce ta taɓa. Alhaji ya ce, “To ke ma ki yi taki, 'yata.” Baffa ya ja da baya har jikin bango, ya naɗe hannuwansa. Na gyara wa Baba hannu a kan mawus, na zauna a bakin gado, muka jira wannan minti.

Kumfa ta fito. Na ce, “Baba, ka zauna a nan wurina. Ka zauna, ko?”

Suka yi ta yawo. Ja ta bugi kore, suka rabu, shuɗiya ta gangara ƙasa ta dawo. Na zuba wa yatsunsa ido ina jiran jijiyar nan ta tashi. Ba ta tashi ba. Gwiwata tana dab da ƙafar kujerar, kuma na fi kowa sanin cewa ɗan taɓi kaɗan ya isa, babu wanda zai gani. Na ji zuciyata tana raya mini. Sai na ɗaga kai na ga Baba ba kumfar yake kallo ba, ni yake kallo, hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Na janye gwiwata.

Sai maigidana ya motsa. Ya sauko daga kujera ya durƙusa nesa kaɗan da gadon, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba, ko na yi maka wani laifi ne? Ko akwai abin da na gaza?”

Kumfa ba ta ɓace ba. Muka ba ta lokaci mai tsawo, ba ta ɓace ba.

Alhaji ya ce a hankali, “Ba laifi ba ne, ɗana. Kunya ce. Mutumin da bai taɓa cin abinci a gabanka ba, yau kai ke masa tsarki.” Ya juya wurin Baba. “Haka ne, malam?”

Baba ya kashe ta.

A nan na tuna yadda yake runtse ido duk lokacin da maigidana ya cire masa riga, ya ƙi buɗewa har a gama. Ni duk zatona zafin ciwo ne. Na ji haushi ya taso mini, haushin Baba, haushin Baffa, haushin wannan al'ada da ta fi ƙarfin rai, har da haushin kwamfutar da na ɓata kwanaki ina saitawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na so in ce ban yarda ba, a sake. Amma ni na kafa sharaɗin, ni na kira shaidu, ni na ce a gaban kowa Baba yana cikin hankalinsa. Ba zan ce yana da hankali in ya zaɓi kunun tsamiya, ba shi da shi in ya zaɓi inda zai kwanta ba.

Na tashi na rufe kwamfutar. Na ce wa Baffa ba a akori-kura za a ɗauke shi ba, sai an nemo mota mai kujerar da ke kwantawa. Na ce katifarsa za ta bi shi, da matasan kai duka. Na ce maganin safe dabam, na yamma dabam, zan ƙulla su a ledoji masu launi dabam-dabam, kuma duk wanda ya sa masa gishiri a miya ni da shi ne. Na ce a juya shi gabas in an kira salla, kada a sa shi inda iska ke dukan fuskarsa. Baffa, wanda bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ya mayar ba, ya yi ta cewa, “To. To. An ji.”

Ranar Lahadi muka kai shi. Aka shimfiɗa masa a ɗakin da ke kusa da zaure, inda yake jin muryoyin maza suna hira da yarensu, 'ya'yan Baffa maza su ke ɗaga shi su yi masa wanka. Duk Asabar nakan hau mota in je in wuni. Ya rame, amma ban sake ganin ya runtse ido irin wancan ba. Ya ga ƙarshen damina, ya ga an fara yankan riɗi. Wata Laraba da hantsi abin ya sake bugo shi, kafin a samo mota ya cika. Ina ofis ina buga takarda aka kira ni.

Na san kwana na Allah ne, babu mai ƙara wa wani ko rage masa, kuma ina neman gafara in tunanina ya kauce. Amma ba zan ɓoye ba, har gobe wani ɓangare na zuciyata yana nan kan bakansa, cewa da yana Lafia da an kai shi asibiti a kan lokaci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan iya cewa an yaudare shi ko bai sani ba. Ni na durƙusa na gaya masa da bakina, na tambaye shi ko ya fahimta, ya ce e, sannan ya zaɓa.